Ciyawar da Na Mayar wa Ruwa a Birmingham

Zangona na farko a Ingila wani ɗaki ne a Rusholme, a saman shagon mai gasa kaji, inda bas-bas ke girgiza mini taga tun da farar safiya. Sunana Haliru, mutumin Yawuri, ɗan mai jirgi jikan mai jirgi. Babana yana fiton mutane a kogin Kwara tun ban san kaina ba. Ni kuwa boko ya ɗauke ni daga bakin ruwa ina shekara goma sha biyu, ya yi ta jana har Manchester, inda na zo ƙaro karatu kan tace ruwan sha. Shekara guda na yi a ɗakin nan, tufafina duk ƙaurin kaza. Kowa yana kukan sanyi, ni kuwa abin da ya dame ni rashin ganin kogi ne.

Wata Asabar na fita neman ruwa da ƙafa, kamar wanda akuyarsa ta ɓata. A bayan wasu tsofaffin gine-gine na tarar da abin da suke kira kanal, wato kogin da mutum ya haƙa da hannunsa. Ruwan baƙi ƙirin, ba ya gudu, faɗinsa ma ɗan Yawuri zai iya haye shi da numfashi ɗaya. Ina tsaye sai ga wani jirgi siriri dogo, an yi masa zanen furanni, har da bututun hayaƙi a ka. Wani dattijo yana tuƙi da hannu ɗaya, kofin shayi a ɗayan. Tafiyar da yake yi, wallahi ina biye da shi a ƙasa ina wuce shi. Na kasa haƙuri na ce, "Ranka ya daɗe, ina za ka?" Ya ce ba ko'ina. Na ce to me ka ɗauko? Ya ɗaga kofinsa ya nuna mini. Na koma gida ina ta juya abin a raina, a ce mutum ya ƙona man dizal don ya je ba ko'ina.

Zango na biyu gidan Dakta Sabo ne a Whalley Range. Bakano ne, likita, shi da matarsa Hajiya Binta suna tara mu duk Lahadi a ci tuwo. A can kowa da laƙabinsa: wannan likita, wancan akanta. Ni tun ban gama karatu ba Dakta ya naɗa mini Injiniya. In ya ga dama kuma ya ce Sarkin Ruwa, a yi ta dariya. Na gama jami'a lafiya, na samu izinin zama in yi aiki, har an yi mini alkawarin gurbi a wani ɗakin gwajin ruwa na ƙaramar hukuma. Sai aka shiga shekarun tsuke bakin aljihu. Ana rufe ɗakunan karatu, ana rage ma'aikata, gurbin nawa ya bi ruwa tun ban zauna a kujerar ba.

Ana cikin haka na faɗa hannun wani dillalin aiki mai ofis a saman shagon waya. Mutumin akwai zaƙin baki. Ya ce ai ni aka daɗe ana nema, akwai kamfani a Birmingham da ke son injiniyan ruwa, ya karɓi ladansa, ya rubuta mini adireshi. Ranar Lahadi na sanar a gidan Dakta, aka yi mini addu'a, Hajiya ta ƙulla mini dambun nama.

Na sauka Birmingham cikin kwat da laktaya, takarduna a hammata. Adireshin ya kai ni bayan wata masana'anta da ta mutu, inda wani lungu na ruwa ya ɓalle daga babban kanal ya shiga ciki ya tsaya. Jirage takwas ne a ɗaure, irin na dattijon nan mai shayi. Wata tsohuwa cikin takalmin roba ta fito daga rumfa, ta dube ni daga laktaya zuwa takalmi. Ita ce Maureen, mai wurin, tana ba da hayar jirage ga masu hutu. Na miƙa mata takardar. Ta karanta, ta sake karantawa.

Ta ce, "Injiniya? Ɗana, wanda zai zuƙe masan jirgi nake nema."

Na kira dillali, waya a kashe, kuma har yau a kashe take. Na zauna a kan wata tsohuwar taya, na rasa abin da ke mini daɗi. Maureen ta shiga ta haɗo mini shayi. Da na sha rabi ta ce ko na taɓa shiga jirgi? Dariya ta kufce mini duk da halin da nake ciki. Ta sa na kwance ɗaya, na juya shi a cikin lungun nan mai ƙunci ban taɓa gaɓa ba, na dawo da shi mazauninsa. Ta shiga rumfa ta fito da rigar aikin mijinta marigayi ta ajiye mini a cinya.

Wurin kwana kuma Allah ne ya kawo shi a cikin bas. Ina waya da gida sai wata mata a bayana ta taɓa mini kafaɗa ta ce, "Ɗana, Hausa nake ji haka? Daga ina?" Mama Rifkatu ke nan, mutuniyar Jos, tana aikin kula da tsofaffi. Kafin mu kai unguwarsu Handsworth ta ji labarina kaf, ta zagi dillalin son ranta, ta ce akwai ɗakin ɗanta da ya tafi karatu. Ta nuna mini tukwanen da naman alade bai taɓa shiga ba, ta ce su ne nawa. Ranar na ci abinci har ina share hawaye, na ce mata yaji ne.

Aikin kuwa ya zame mini makaranta. Ni mutum ne mai tambaya, Maureen kuma ba ta gajiya da amsa, sai dai ta amsa da faɗa. Na ce don me ba a sakin masai a ruwa, tunda ruwan ma baƙi ne? Ta ce kanal ba ya gudu, abin da ka zuba yau shi za ka gaisa da shi gobe. Na ce don me take raba wa masu haya sabulunta, ta hana su shigo da nasu? Ta ce ruwan wanke-wanke kai tsaye yake fita ta gefen jirgi, kifi ne ke shan sa. In za mu zuba mai sai an naɗe bakin tanki da tsumma, don ɗigo ɗaya yana shimfiɗa bakan gizo a kan ruwa. A ƙarƙashin kowane inji akwai wani soso mai shan mai ya bar ruwa, ni ke canza shi. Abin da ya fi ba ni sha'awa shi ne dokar gudu. Duk wanda ya karɓi jirgi sai ta ja masa kunne: in ka ga igiyar ruwanka tana dukan gaɓa, ka yi sauri da yawa, kana zaizaye ƙasa, kana cika sheƙar tsuntsaye da ruwa. Na ce mata mu ma a Yawuri mai jirgi yana rage wuta in zai wuce tarun wani ko mata masu wanki, wanda bai rage ba a ce ba shi da tarbiyya. Ta ce ashe mutanenku sun fi rabin masu hayata hankali.

A can Manchester kuwa, in Dakta ya kira ya ce, "Injiniya, ya ofis?" sai in ce alhamdu lillahi, muna fama da ruwa. Ban yi ƙarya ba, amma ni na san abin da na yi.

Akwai aiki ɗaya da nake yi duk ranar da jirage suka dawo. A bayan kowane jirgi akwai 'yar ƙofa da ake buɗewa a zura hannu cikin ruwa a warware abin da ya naɗe farfela. Maureen ta nuna mini wani durom tun ranar farko, ta ce duk abin da na ciro in jefa a ciki. Na ji ta sarai. Leda, igiya, tsumma, har rigar mama na taɓa cirowa, duk suna shiga durom. Amma in hannuna ya fito da abu mai rai, ciyawa ko dodon koɗi, sai in sake shi a ruwa. Haka Baba ya koya mini tun ina riƙe masa filafili: abin ruwa a mayar wa ruwa. A jirginsa ko ɗan kifin da ya yi ƙanƙanta ba a barinsa ya mutu a kan katako. Ban taɓa zama na yi tunanin abin ba, hannuna ne kawai ke yi.

Cikin ciyayin da nake saki akwai wata mai ganye kewayayye, kore shar, mai sheƙi. Sunanta na Turanci yana nufin ganyen kwabo. Ni dai ta burge ni, don ta tuna mini da kainuwa. Har na lura ta kama a can ƙuryar lungun, bayan wani tsohon jirgi da ba ya fita, na riƙa leƙa ta da safe ina jin daɗi, ina cewa kainuwa dashen Allah. Hotonta kuwa yana manne a bangon rumfa, da jan rubutun gargaɗi a ƙasa, ban taɓa karantawa ba. Kullum a gabansa nake shan shayi, ni mai digiri biyu a kan ruwa. Ƙaramin sani ƙuƙumi ne.

Da zafi ya shigo sai ciyawa ta nuna halinta. Kana barci tana tafiya. Maureen ta yi mako biyu tana jinyar gwiwa a gida, ni nake riƙe da wurin, kafin ta dawo ciyawa ta fito daga bayan tsohon jirgin ta rufe kusan rabin lungun, har wata agwagwa na gani tana tafiya a kai. A ranar ne na gane hatsarin, don na taɓa ganin irin wannan. Ina yaro wata baƙuwar kainuwa mai fure ta sauko mana daga sama ta toshe tashar jiragenmu, Baba ya yi kwanaki bai yi fito ba.

Maureen ta dawo da sanda, ta tsaya a bakin ruwa ta dafe kai. Ita da kanta ta kira hukumar da ke kula da kanal. Wata jami'a ta zo, ta duba, ta sa aka gicciya wani shinge mai iyo a bakin lungun. Ta ce ba jirgin da zai shiga ko ya fita sai an kawar da ciyawar, don ɗan guntu ɗaya in ya tsere zai haifi wata gonar a gaba. Maureen ta ce to a turo injin kwasa. Jami'ar ta ce a da ne ake haka, yanzu an rage musu mutane, layi kuma ya kai ƙarshen kaka. Za ta dawo bayan kwana goma ta ga abin da muka iya.

Wannan a tsakiyar hutun makarantu ne, lokacin da wurin ke samun abin da zai ci shekara. Maureen ta zauna a kan tayar nan da na taɓa zama. Ta ce in jiragen suka kwana a ɗaure har kaka, ta rufe wurin ke nan, shekara talatin na mijinta sun tafi. Sai ta ce, "Abin da ban gane ba, ta ina ta shigo? Muna da durom."

Ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Na ce mata ni ne. Na gaya mata maganar Baba, da yadda nake saki, da yadda nake leƙawa da safe. Na so ta zage ni, da na fi samun sauƙi. Ta daɗe tana kallon rigar mijinta a jikina, sannan ta ce, "Tafi gida, Haliru." Ban san ko na yau take nufi ko na har abada ba, ban kuma iya tambaya ba.

Mama Rifkatu ta same ni a kicin na tasa shayi a gaba ya huce. Da ta ji, ta ce, "Kai, amma ka iya shuka! To da ta toshe muku tasha a garinku, gwamnati kuka jira?"

Na ce a'a, gayya aka yi. Aka ɗaura gora a doguwar igiya aka kewaye ta, mutanen gari suka ja ta gaɓa, aka kwashe aka shanya a tudu.

Ta ce, "To?"

Na ce, "Mama, nan Ingila ce. Wa zan gayyata?"

Ta ce ita za ta kawo 'yan cocinsu, ni kuma in kira mutanena na Manchester. Na ce ai su injiniya suka sani. Ta ce, "Au, girman kanka za ka ceta ko tsohuwar da ta ba ka rigar mijinta?"

Na kira Dakta Sabo. Na ce, "Dakta, ni fa ba injiniya ba ne a nan. Masan jirgi nake zuƙewa." Sai ya ce, "Haliru, ni da ka gani, shekarata ta farko a ƙasar nan gawa nake turawa a asibiti. Wace rana ce, kuma akwai wurin ajiye mota?"

Da na je na gaya wa Maureen, tambayarta ta farko ita ce me za ta biya su. Na ce ba a biyan gayya, ciyarwa ake yi. Ta ce ba ta gane ba. Na ce ta dai tanadi shayi mai yawa.

Ranar Asabar mota huɗu suka zo daga Manchester, bas ya sauke 'yan cocin Mama. Gora babu, sai na ɗaure jarkokin da ba kowa a doguwar igiya, na rataya tsohuwar raga a ƙasanta. Na shiga ƙaramin kwale-kwalen Maureen da filafili, ban kunna inji ba don kada farfela ta daddatsa ciyawar, na kewaye ta yanki-yanki. Mutane suka kama bakin igiya biyu suka ja. Tabɗijam! Abin da nauyi kamar jiƙaƙƙen bargo. Wani akanta ya zame ya zauna daɓas a laka, Mama Rifkatu ta ce a rubuta masa rasit. Masu manjagara suna jawowa tudu, masu baro suna kaiwa can bayan rumfa nesa da ruwa. Dakta cikin wandon wasanni yana ta ihu, "Sarkin Ruwa, ina za mu ja?" A ranar sunan bai yi mini kama da zolaya ba.

Da azahar muka yi salla a kan kwalta, 'yan coci suka riƙe igiya har muka idar. Hajiya Binta ta buɗe kular waina, Mama ta buɗe ta gwate. Maureen tana zagayawa da butar shayi da sandarta, ta ci waina uku, ta tambayi sunanta sau uku. Ni dai da ta zo kaina sai ta zuba mini shayi ta wuce.

Kafin la'asar sakaliya ruwa ya fito fili, amma na san aikin bai ƙare ba. Gayya tana kwashe babba ne, ƙananan kuwa sai mai haƙuri. Kwana bakwai ina zuwa da sassafe da koma, irin ragar hannun da muke kamun ƙananan kifi, ina bin lungun taku-taku, ƙarƙashin kowane jirgi, tsakanin kowane bulo na gaɓa. Ba wanda ya ce in zo, ba kuma wanda ya ce kada in zo.

Jami'ar ta dawo ranar da ta ce. Ta zagaya sau biyu, mu muna biye. A daidai shingen ta tsaya ta nuna da biro: ganye biyu a kan ɗan silin jijiya, suna lilo a ruwa. Na sunkuya a bakin ruwa. Na zura koma na ɗebo shi, na kai durom, na rufe. Ta dube ni ta ce wa zai riƙa yin haka kullum har sanyi ya shigo? Kafin in buɗe baki Maureen ta ce, "Shi. Ma'aikacina ne." Aka janye shingen, jirgi na farko ya fita da rana tsaka, a hankali, igiyar ruwansa ko gaɓa ba ta taɓa ba.

Da yamma na kira gida. Ƙanwata ta kai wa Baba waya a bakin tasha, ina jin ƙarar injin wani jirgi a bayansa. Na ba shi labari tun daga farko, har da masai, ban rage komai ba. Na ce, "Baba, maganarka ce ta kusa rufe wa tsohuwa wurin cin abinci. Kai ka ce abin ruwa a mayar wa ruwa."

Ya yi dariya har da tari. Ya ce, "A ina ka ciro ciyawar?"

Na ce a farfela, jirage ne ke kwaso ta daga nesa.

"A ina ka sake ta?"

Na ce a lungunmu.

Ya ce, "To ai ba ka mayar ba, kaiwa ka yi wani wuri. Ruwan da ka ɗauko abu shi ake mayar wa, nan take, a wurin. In ka riga ka gusa, tudu ake kai shi. Ba ka taɓa ganin ina wanke jirgi a kan yashi in na dawo daga wani ruwa ba? Rabin maganar ka ji, Haliru, aka zo aka tafi da kai makaranta."

Sai na tuna yashin, na tuna ina zaune a kai da sabon akwatina ina jiran mota, shi yana kankare cikin jirgi bai ɗago ba. Na ce, "Baba, akwai sauran irin waɗannan da ban ji ƙarshensu ba?"

Ya ce, "Da yawa. Amma ba a faɗarsu a waya, sai a cikin jirgi. Ni kuma hannuna ya fara gajiya da filafili."

Washegari na riga Maureen zuwa. Na gama zagayena da koma, na sami guntu ɗaya na kai durom. Da ta iso na ce mata ina nan har sanyi ya shigo kamar yadda ta yi alkawari a kaina, amma ranar da aka ɗaure jirage don hutun sanyi zan je gida Yawuri, akwai karatun da na bari ban gama ba.